Tayar Da Tsohon Babur Mai Ƙafa Uku Domin Aikin Gona

 

Yau maganarmu a kan sufuri ce, watau abin da zai kai taki gona, ya kuma kwaso amfanin gona ya kai gida ko kasuwa. Kowa a nan ya san ciwon abin. Ka ɗebe tumatir da safe, ka jera kwanduna a bakin hanya kana jiran mota har azahar, kafin ya isa kasuwa na ƙasan kwando ya zama ruwa. Takin gargajiya yana nan tsibi a bayan gida, gona tana nesa, jaki kuwa mangala ɗaya yake ɗauka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dako ya ƙara tashi.

Ga shi kuwa a garuruwanmu akwai tsofaffin babura masu ƙafa uku a yashe, wasu a gindin bishiya, wasu a bayan gareji, kaji suna ƙwai a kan kujerarsu. Da yawa daga cikinsu za su tashi su yi wa manomi aiki na shekaru. Wasu kuma rijiya ce gaba dubu, ko nawa ka zuba ba za ka ga ƙasanta ba. Don haka abu uku nake so ku riƙe. Na ɗaya, a duba kafin a kashe ko kwabo. Na biyu, a yi gyara bi da bi, birki kafin fenti. Na uku, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

ASALIN WANNAN ABIN HAWA

Mu mun san shi da ɗaukar fasinja, amma asalinsa don kaya aka yi shi. Bayan yaƙin duniya na biyu, wani kamfani a ƙasar Italiya mai suna Piaggio ya fito da babur ɗin nan Vespa a 1946. A 1948 sai suka ɗauki gaban Vespa suka haɗa masa ƙafa biyu da akwatin kaya a baya, domin ƙananan 'yan kasuwa da manoma waɗanda ba su da halin sayen mota. Suka sa masa suna Ape, watau ƙudan zuma da harshensu. Daga baya kamfanin Bajaj na Indiya ya shiga ƙera irinsa da izinin Piaggio.

A Nijeriya ya yi suna a Legas zamanin da Buba Marwa yake gwamnan soja, daga 1996 zuwa 1999, har ake ce masa Keke Marwa. Shirin yaƙi da talauci na NAPEP da aka kafa a 2001 ya raba shi a jihohi, daga nan sunan Keke Napep ya fito. A Kano kuwa aka kira shi A Daidaita Sahu zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. To waɗancan na farko su ne yau suka tsufa, su muke magana a kai. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi babur mai bodin kaya irin na ƙasar Sin shi ma.

KAFIN KA SAYA

Fara da takardu. Lambar da ke jikin inji da wadda ke jikin shasi, watau ƙarfen da komai yake zaune a kansa, lalle su yi daidai da abin da ke rubuce a takarda. In an kankare lamba, ko mai sayarwa yana kame-kame, bar masa kayansa, kada ka sayi rigima da kuɗinka. A yi ciniki gaban shaidu, a rubuta, mai unguwa ya sani.

Sa'an nan ka durƙusa ka leƙa ƙasa. Shasi shi ne ƙashin bayan abin. Ɗauki sukundireba ka caccaki wuraren da suka yi tsatsa, musamman inda ƙafafun baya suke kama da jiki, da wuyan da ke riƙe ƙafar gaba. Tsatsar sama ba komai ba ce, samfefa za ta cire ta. Amma in ƙarfe ya huje kamar ganyen da tsutsa ta ci, ko ka ga an yi walda a kan walda a wuya, wannan ba abin ɗaukar kaya ba ne. Koma baya taku goma ka dube shi. In ya karkace gefe guda alhali tayoyi suna da iska daidai, ya taɓa yin mummunan haɗari.

Bayan haka sai inji. Iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa baƙin mai cikin fetur, yana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Akwai mai bugu huɗu, wanda baƙin mansa yake zaune a wurinsa daban da sandar awo. Mai bugu biyu ya fi sauƙin gyara, amma ya fi shan mai, kuma kayan gyaransa suna ƙara wuyar samu. Mai bugu huɗu ya fi tattalin fetur. Dukansu ƙananan injuna ne masu silinda ɗaya, tsakanin cc 145 da 200 da 'yan kai, watau kusan injin babur ɗin da kuka sani ne yake jan wannan jiki duka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen maganar lodi.

Cire fulogi, ka toshe raminsa da babban yatsa, wani ya ja sandar tayarwa. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, injin yana da rai. In ta fito sanyi-sanyi, zoben fistin ya cinye, wannan abin gyarawa ne. In sandar ta ƙi motsi sam, inji ya kame, sai a rage kuɗi ƙwarai. In kuwa ka ga tsaga a jikin tukunyar injin, ko an liƙe ta da gam, yi sallama ka tafi.

Kada ka biya sai ka je da bakanike wanda ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. Ya rubuta maka duk abin da za a canja. Ɗauki takardar ka tambayi farashi a kasuwar kayan gyara, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ko wadda ta fi kusa da ku. Haɗa kuɗin saye da na kaya da na aiki, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai, domin in an buɗe inji ba a rasa ganin abin da ba a zata ba. Gwada jimlar da farashin wanda yake tafiya da ƙafarsa. In sun yi kusa da juna, sayi mai tafiya. Araha ba ta ado.

Wata magana kuma mai nauyi. Kada a taɓa kuɗin taki ko na iri, kada a sayar da san noma saboda wannan. Babur ba ya huɗa. In ka tayar da shi gona ba ta ba da komai ba, me zai ɗauko? In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu ku uku ko huɗu, ko ƙungiya ta ɗauki nauyi.

Ku kuma dubi hanyarku. Ƙafafunsa ƙanana ne, inci 8 ne kawai faɗin gammon ƙarfen. A kan hanyar burji ko ƙasa mai tauri ya fi amalanke sauri nesa ba kusa ba. A cikin rairayi mai zurfi ko caɓin fadama kuwa kafewa yake yi, a nan amalanken shanu ya fi shi.

LOKACI DA WURI DA KAYAN AIKI

Lokacin wannan aiki shi ne rani, bayan an kai amfani gida, da ɗan kuɗi a hannu, aikin gona kuma ya yi sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai masara ta bushe a gona zai yi gyaran gaggawa, ya biya ninki.

Nemi inuwa mai iska, nesa da murhu da rumbu da tarin kara. Shimfiɗa buhu ko tabarma don kada ƙananan kusoshi su ɓace a ƙasa. Tanadi sifanu, da sifanar fulogi, da sukundireba, da filaya, da burushin ƙarfe, da samfefa, da kananzir, da giris, da tsummoki, da famfon keke. Tara gwangwanaye, noti da kusoshin kowane sashe a gwangwaninsa. Mai waya ya ɗauki hoton kowane wuri kafin ya kwance, ranar mayarwa zai gode wa Allah. In za a shiga ƙarƙashi a tokare shi da kututturen itace. Kada a dogara da jak shi kaɗai.

Aikin farko wanki ne. Kankare laka da tsohon mai, ka duba abin da ya zauna a ciki. Ɓera yana cin wayoyi yana sheƙa cikin gidan matatar iska, zanzaro yana gini a bakin salansa, kunama ma takan fake ƙarƙashin kujera. A sa sanda kafin a sa hannu.

TANKI DA KAFIRETA

Fetur ɗin da ya shekara a tanki ya lalace, ya zama danƙo. Tsiyaye shi duka. Cire tankin, zuba kananzir da 'yan tsakuwa masu tsabta ko tsofaffin noti, ka girgiza sosai, ka zubar. Maimaita har kananzir ya fito garau, sa'an nan ka shanya shi a rana, ka tabbata ba tsakuwar da ta rage. In ya huje a nemi wani. Kada a kai wa mai walda tankin da ya taɓa cin fetur haka kawai, tururin da ya rage a ciki ya isa ya fashe ya kashe mutum. Canja tiyon mai, ka sa ƙaramar matata tsakanin tanki da kafireta.

Kafireta ita ce mai gauraya fetur da iska. Kwance ta a hankali, jiƙa ƙarafanta a kananzir, ka busa ƙananan ramukanta da famfon keke. Kada a zura allura ko waya a ramin. Ramin an auna shi ne, in ya buɗe ko da kaɗan injin zai riƙa shan mai har ranar da aka canja shi.

Matatar iska ita ce hancin inji. A ƙasarmu mai ƙura, balle lokacin hunturu, ita ce ke tsakanin injinka da mutuwa. Ƙura in ta shiga silinda aikin samfefa take yi. In ta soso ce, wanke ta, ta bushe, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan ka matse. In ta takarda ce, ba a wanke ta da ruwa, a kakkaɓe ko a sayi sabuwa. Kada a tayar da inji babu ita ko da na yini ɗaya.

WUTA

Sayi sabon fulogi irin lambar tsohon. Tazarar bakinsa wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, kusan kaurin ruwan zarton yankan ƙarfe. Haɗa shi da wayarsa, ka jingina gindinsa a jikin inji nesa da fetur, wani ya ja sanda. Wuta shuɗiya mai ƙara ita ake so. In ja ce mai rauni, ko babu, a bi waya zuwa kwayil. Sau da yawa laifin bai wuce tsatsa a mahaɗin waya ba, ko inda ɓera ya ci. Duk wayar da ta bushe ta tsattsage a canja ta, domin waya tsirara kusa da tiyon mai gobara ce.

Batir ɗin da ya daɗe a zaune da wuya ya sake riƙe wuta. In irin wanda ake buɗewa ne, ruwan batir ake ƙara masa, ba ruwan rijiya ba. Goge kawunansa, ka shafa giris kaɗan.

CIKIN INJI

In inji ya kame, zuba man gas ko kananzir ta ramin fulogi, ka bar shi kwana uku zuwa mako. Kullum ka ɗan motsa shi gaba da baya a hankali. Kada a sa ƙarfi, kada a ɗaure shi a bayan mota a ja. Abin da haƙuri zai kwance, ƙarfi karya shi yake yi.

Buɗe inji aikin bakanike ne, amma ka tsaya a wurin ka ga abin da ake yi da kuɗinka. In bangon silinda sumul yake, sabon zobe ya isa. In ya yi zane har farce yana kamawa, sai a kai a gyara ramin a sa fistin wanda ya fi na da girma kaɗan. Duk inda aka buɗe a sa sabon gasket. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire, ka ga sababbin a kwalinsu kafin a ɗaura.

Mai bugu biyu yana da wani ciwo a ɓoye. Akwai robobi a gefe biyu na sandar da fistin yake juyawa. In inji ya daɗe a ajiye sukan bushe, iska ta riƙa shiga ta nan, inji ya yi ta zafi har ya kame a hanya. Tunda an riga an buɗe, a canja su. Salansarsa kuma takan toshe da baƙin gawayi, sai ka ji inji yana kuka amma ba ƙarfi. A cire a kankare. Mai bugu huɗu kuwa a sa bakanike ya daidaita bawul da ma'auninsa, inji yana sanyi.

Waɗannan tsofaffin injuna iska ce take sanyaya su. Akwai fanka, da murfin da ke bi da iskar kan haƙarƙarin silinda. Wasu sukan yar da murfin, wai don inji ya sha iska. Kuskure ne babba, in babu murfi iskar watsewa take yi. A mayar da shi, a kuma share laka da ƙaiƙayi daga tsakanin haƙarƙarin.

MAGANAR MAI

Ga mai bugu biyu, baƙin man da ke cikin fetur shi kaɗai ne yake shafe fistin. A nemi man da aka rubuta 2T a jikinsa. Awon da aka saba shi ne mililita 20 zuwa 30 a kowace lita ɗaya ta fetur, in kuma akwai awo a rubuce a jikin tanki ko a littafinsa a bi shi. Hanya mai sauƙi ita ce ka sami sirinji mai cin mililita 20, irin na malamin dabbobi, wanda ba a yi aiki da shi ba. Cikinsa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a lita guda. A gauraya a galan tukuna, sa'an nan a zuba a tanki. Awon ido shi ne ya kashe injuna da yawa. In ya yi kaɗan inji ya kame, in ya yi yawa fulogi da salansa su toshe.

Ga mai bugu huɗu, juye tsohon mai duka, wanke ko canja matatarsa, ka zuba sabo zuwa alamar da ke jikin sanda. A sayi mai a rufe cikin galan ɗinsa. Man da aka juye daga wata mota, ko wanda ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba, ba rangwame ba ne. Man giya shi ma a canja. Tsohon mai kuma kada a zubar kusa da rijiya ko cikin gona.

BIRKI DA TAYA DA GIYA

Inji in ya mutu tsayawa za ka yi. Birki in ya mutu, sai abin da Allah ya yi. Saboda haka ko da inji ya tashi, kada a hau hanya sai an gama wannan sashe.

Cire ƙafafun uku, duba takalman birki. Wanda ya cinye, ko mai ya jiƙa shi, a canja, kuma na baya a canja su tare. Ƙurar ciki a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki, tana cutar da huhu. In birkin na mai ne, tsohon man ya sha ruwa, a juye duka a zuba sabon man birki, a fitar da iska har feda ta yi tauri. Kada a kuskura a zuba baƙin mai a wurin, kumbura robobin yake yi. Birkin hannu ma ya yi aiki, don ranar da za ka tsaya da kaya a gangare.

Ɗaga kowace ƙafa ka girgiza ta. In tana kaɗawa ko tana gurnani, boris ya tafi. Duba sandunan da ke juya ƙafafun baya da robar da ta rufe su. In robar ta yage, yashi ya shiga, sai a wanke, a cika da giris, a sa sabuwa. Kebur na kuloci da na giya da na totur a ɗiga musu mai, wanda ya fara tsinkewa a canja, a kuma ajiye ɗaya a akwati.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta. Nemi lamba huɗu a gefe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Tayar da ta tsattsage a gefe ta gama aiki ko da zanenta bai cinye ba. Mai faci ya auna iska da ma'auni, na baya biyu su zo daidai, in ba haka ba zai riƙa janka gefe guda.

A gyara fitilar gaba da ta birki da ham da madubi. Manomi da asuba yake fita, da magariba yake dawowa.

TAYARWA TA FARKO

A tayar da shi a fili. Kada a tayar da inji a cikin zaure ko ɗaki a rufe. Hayaƙinsa yana da guba marar wari, irin wadda take kashe mutane masu kwana da janareto. A ajiye bokitin yashi kusa. In ya tashi bar shi ya yi ɗumi a hankali, kana saurare, kana duba inda mai yake ɗiga.

Injin da aka sa wa sabon zobe kamar ɗan maraƙin da ake horarwa ne, ba a fara shi da gona mai tauri. Kilomita 500 na farko, ko mako biyu zuwa uku, a tafi sannu, kaya kaɗan, a riƙa hutar da shi. Bayan nan a juye mai, a bi noti duka a ƙara ɗaurewa. Sai ka cire fulogi ka dubi bakinsa. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne da toka, fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. In fari ne fat, inji yana zafi, kada ka ci gaba sai an duba.

BODI DA LODI

Yanzu ne za a yi maganar bodi. A cire kujerar baya, a shimfiɗa katako a daɓe, a yi ɗan shinge mara nauyi. Kada mai walda ya ƙara masa tsawo ta baya, kada a lafta masa ƙarfe, domin duk kilon da bodi ya ci an rage shi ne daga kayanka. A kankare tsatsa, a shafa jan fenti na hana tsatsa, sa'an nan na ado in akwai sauran kuɗi.

Ga lissafin lodi. Na fasinja an yi shi ne don direba da mutum uku, watau wajen kilo 300 gaba ɗaya. Cire nauyinka, abin da ya rage bai wuce buhu huɗu na takin zamani mai kilo 50 ba, ko buhu biyu na masara. Na san za ku ce kun ga ana ɗora biyar. Ana ɗorawa, amma ku tambayi mai shi sau nawa ya canja kuloci, sau nawa ƙafar baya ta karye masa a daji. Sawu biyu lafiya ya fi sawu ɗaya da kwana a hanya.

Abu mai ƙafa uku saurin kifewa gare shi a kwana. Kaya mai nauyi ya zauna ƙasa, a tsakiya, a matso da shi gaba, a ɗaure da igiya. Kada a ɗora buhu a kan rufi. Rage gudu tun kafin ka shiga kwana. A gangare ka sa ƙaramar giya, kada ka kashe inji don tattalin mai. Kada a ɗora yara a kan kaya, kada kuma a ba yaro tuƙi.

Takin zamani, musamman yuriya, yana cin ƙarfe, haka ma ɗanyen takin dabbobi. Shimfiɗa leda ko tamfol, ka wanke bodi bayan an sauke. Maganin ƙwari kuwa kada ya hau tare da hatsi ko kayan miya. Kwandunan tumatir a sa katako tsakaninsu, kada na sama ya danne na ƙasa.

KULAWA TA YAU DA KULLUM

Kowace safiya duba mai, da iskar taya, da birki. Kowane mako share matatar iska, lokacin hunturu kuwa duk bayan kwana biyu ko uku, ka kuma bi noti. Ajiye shi a rumfa. In zai daɗe ba aiki, rufe makunnin fetur ka bar inji ya shanye na cikin kafireta, ka cire wayar batir. Sabunta lasin da inshora, ka tambayi ofishin lasin dokar jiharku game da hanyoyin da aka yarda ya bi.

Sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ko kayanka ka ɗauko, cire kuɗin dako ka ajiye gefe, shi ne na taya da zobe na gaba. In na ƙungiya ne, mutum ɗaya ya riƙa tuƙi, wani daban ya riƙe littafi, a kuma tsara layin kowa tun kafin kaka, don kada abin alheri ya zama sanadin faɗa.

To jama'a, kun ji. Takardu da shasi tukuna, sai lissafi, sai inji, sai birki da taya, fenti a ƙarshe. Wanda yake da niyya ya fara tun yanzu da sauran rani. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, a je a duba tare kafin a biya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu a hanya. Wassalamu alaikum.